Deloitte, McKinsey ko Accenture: abin da mai nazarin alƙaluma daga Yamai ya kamata ya auna

Duk shekara, da zarar ɗalibai sun kare kundinsu a Jami'ar Abdou Moumouni, ko sun dawo gida daga makarantun ƙididdiga na ENSEA a Abijan, ENSAE a Dakar da ISSEA a Yawunde, sai muhawara ta tashi a fadodin shayi na Yamai da zaurukan WhatsApp: a cikin manyan kamfanonin ba da shawara, waɗanda mutanen ofis ke kira kabine, wanne ya fi dacewa da mai son sana'ar nazarin alƙaluma? Wannan ya ce Deloitte, tunda shi ne babba. Wancan ya ce McKinsey, don sunansa kaɗai yana buɗe ƙofa. Can sai wani ya turo jadawalin da wata mujallar Faris ko Landan ta fitar, kowa ya kama neman inda gwaninsa ya faɗo.

Jadawalin nan ba ƙarya ba ne, amma ba da mu aka yi shi ba. Waɗanda aka tambaya suna zaune ne a Faris da Landan da New York, albashinsu na can, ayyukansu na can. Ƙaninmu da ya kammala a Harobanda, unguwar jami'ar Yamai, in Allah ya sa ya samu shiga, ofishin Abijan ko Dakar ko Legas ko Kasablanka zai tafi, ko wani kabine na nan gida. Abin da zai tarar a wurin shi ya kamata a auna, kuma ba a iya auna shi sai an san ta inda kowane gida ke samun kuɗinsa, domin hanyar shigar kuɗin ce ke yanke irin aikin da za a ɗora wa sabon shiga.

Waɗanda ake kira manya huɗu, wato Deloitte, PwC, EY da KPMG, asalinsu masu binciken asusu ne, abin da ake ce wa odit. A shekarar kuɗi ta 2024 Deloitte ya shigar da kimanin dalar Amurka biliyan 67 da ma'aikata wajen 460,000, PwC biliyan 55, EY biliyan 51, KPMG biliyan 38. A da su biyar ne. Na biyar ɗin, Arthur Andersen, ya ruguje a 2002 bayan badaƙalar kamfanin Enron wanda shi ke duba masa asusu, kuma a shekarar ce Amurka ta kafa dokar da ta hana mai binciken asusun kamfani ya riƙa sayar wa wannan kamfanin wasu nau'o'in shawara. A wannan tsakanin uku daga cikinsu suka rabu da sassansu na shawara: EY ya sayar da nasa ga Capgemini a 2000, PwC ya sayar wa IBM a 2002, KPMG ya saki nasa ya koma kamfani mai zaman kansa. Deloitte kaɗai ya riƙe nasa. Sauran sun sake ginawa daga baya, amma ratar da Deloitte ya ba su tun lokacin tana cikin dalilan da suka sa har yau ya fi su ƙarfi a aikin shawara da na fasaha. Amfanin wannan tarihi ga mai neman aiki shi ne ya gane cewa gida guda yana da ƙofofi da dama, ta odit, ta haraji, ta shawara, ta cinikin kamfanoni, kuma ƙofar da ya bi ta fi sunan gidan tasiri a kan abin da zai koya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa matasa ba. Manya huɗun nan kowanne gungu ne na kamfanoni masu cin gashin kansu, kowace ƙasa ko yanki da nata masu hannun jari, suna aiki da suna ɗaya da tsari ɗaya da manhajojin uwar ƙungiya. Wanda zai sa hannu a takardar ɗaukarka, ya biya ka, ya yanke ko za a tura ka horo, shi ne asosiye, wato ɗaya daga cikin masu hannun jarin ofishin da kake, ba wani mutum a Landan ba. Mun ga ma'anar wannan ƙarara a ƙarshen Maris na 2025, lokacin da PwC ya yanke alaƙa da ofisoshinsa na ƙasashe tara a yankinmu da kewaye, ciki har da Kodebuwa, Sanagal, Kamaru, Gabon da Gini. Ma'aikatan suna nan, iliminsu yana nan a kansu, amma sunan da wasu suka shiga dominsa ya tafi. Duk wanda ya zaɓi wurin aiki saboda allon da ke bakin ƙofa kawai, ya tuna da wannan.

To mene ne aikin alƙaluma a sashen odit? A ƙasashen OHADA, masu bin dokokin kasuwanci na bai ɗaya, har da Nijar, shekarar asusu tana rufewa ranar 31 ga Disamba, ana kammala takardun asusu cikin wata huɗu, a yi babban taron masu hannun jari cikin wata shida. Saboda haka daga Janairu zuwa Yuni babu hutu, kuma tsakiyar wannan lokaci ita ce tsakiyar zafi da ɗaukewar wuta a Yamai. Za a ba ka babban kundin shiga da fita na wani banki ko kamfani, layi dubbai a kan dubbai, a ce ka zaƙulo waɗanda ba su kwanta ba: abin da aka shigar da tsakar dare ko ranar Lahadi, adadin da kullum yake tsayawa daf da iyakar da ke buƙatar sa hannun shugaba, mutumin da ya shigar da biya kuma shi ya amince da shi. Kowane gida yana da manhajarsa ta wannan aiki, KPMG da Clara, EY da Helix, PwC da Halo, Deloitte da Omnia. Sai dai kafin manhajar ta yi maka komai, sai ka wanke bayanan da hannunka. Fayil ɗin Excel zai zo da kwanan wata da kwamfuta ba ta gane shi a matsayin kwanan wata ba. Wani reshe yana raba adadi da waƙafi, wani da ɗigo. Mutum ɗaya an rubuta shi Mahamadou a nan, Mohamadou a can, Mahamadu a wani wuri, ya zama mutum uku masu bashi uku. Reshen Tawa an rubuta shi iri uku, jimillar jihar ta ƙi haɗuwa. Kwanaki za ka yi a kan wannan kafin ka fara abin da ake kira nazari.

A ganina babu makarantar da ta kai wannan wajen koya wa mutum halin bayanan ƙasashenmu. Wanda ya yi shekara biyu ko uku yana wannan wanki, ya ga cikin banki, ya ga cikin kamfanin sadarwa, ya ga cikin aikin da masu ba da tallafi ke biya, idonsa yana buɗewa ta yadda da ya kalli jadawali zai ji a jikinsa inda aka yi kuskure ko aka ɓoye wani abu. Amma wurin yana da rufi, kuma gara a san da shi tun farko. Tsanin ƙarin girma a odit na akantoci ne. Sa hannu a rahoton odit sai wanda ke cikin rajistar ƙungiyar ƙwararrun akantoci, ONECCA, kuma hanyar zuwa can ta takardar ƙwarewar akanta ce, irin DECOFI ta ƙasashen UEMOA. Mai digirin ƙididdiga da ba ya da niyyar bin wannan hanya zai tarar bayan ƴan shekaru waɗanda suka shigo tare sun wuce shi, harsunan kwamfuta na Python da R ɗin da ya sha wahalar koya kuma sun fara tsatsa saboda manhajar gida ce kullum a gabansa. Irin wannan mutum ko dai ya nemi komawa sashen shawara tun da wuri, ko ya shiga da sanin cewa zangon shekara uku ne.

McKinsey, BCG da Bain wani jinsi ne daban. An kafa su a 1926, 1963 da 1973, ba sa binciken asusu, ma'aikatansu ba su kai na manya huɗu yawa ba ko kusa, kuma abin da suke sayarwa shawara ce ga shugabannin kamfanoni da gwamnatoci a kan manyan matakai. Su ma sun shiga harkar alƙaluma da ƙarfi: McKinsey ya sayi QuantumBlack a 2015, kamfanin da ya faro da nazarin bayanan tseren motocin Formula 1, BCG kuma ya tattara masana alƙaluma da injiniyoyinsa a ƙarƙashin BCG X a 2022. McKinsey da BCG suna da ofisoshi a Legas, Kasablanka, Nairobi da Johannesburg. Ƙofarsu ƙunci gare ta. Ba a shiga ba tare da Ingilishi mai kyau ba, kuma ganawar ɗaukar aiki takan zama warware matsala ce da baki a gaban mai tambaya: ga kamfanin waya yana asarar masu layi, ta ina za ka fara, wane adadi kake buƙata, yi lissafin yanzu. Bayan an shiga, al'adar gidan ita ce ko ka hau mataki na gaba cikin shekara biyu zuwa uku ko a raka ka bakin ƙofa.

Abin da ake samu a wurinsu babba ne, kuma shi ne abin da makarantun ƙididdiga ba su cika koyarwa ba: yadda za ka mayar da damuwar shugaba ta zama tambayar da alƙaluma za su iya amsawa, da yadda za ka tsaya gaban babban darakta ka faɗi sakamakon makonni a cikin minti biyar ba tare da ka ɓuya bayan lissafi ba. Abin da ba a samu shi ne zama da aiki har ya tsufa. Ana yin aikin cikin makonni ko ƴan watanni, a miƙa shafukan PowerPoint, a wuce wani. Ba kai za ka ga ranar da lissafinka ya fara kuskure saboda yanayin kasuwa ya sauya ba. Sannan a tambaya da kyau wace kujera ake ba mutum, domin mai ba da shawara da masanin alƙaluma suna gida ɗaya amma tsaninsu daban, kuma na farkon ne ya fi zama gaban mai aiki.

Jinsi na uku su ne magina: Accenture da Capgemini da ire-irensu. Accenture tsohon sashen shawara ne na Arthur Andersen da ya ɓalle ya ɗauki sabon suna a 2001, shi ya sa rugujewar ba ta ci shi ba, kuma a 2024 ma'aikatansa sun haura 770,000. Capgemini na Faransa ne, an kafa shi a Grenoble a 1967, a 2024 ma'aikatansa kimanin 340,000 ne, yana kuma da manyan cibiyoyi a Maroko. Su ke gina rumbunan bayanai, su haɗa hanyoyin da bayanai ke bi daga reshe zuwa hedikwata, su ci gaba da kula da su shekaru. Mai son hannunsa ya nuna a SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, da Python da rumbunan intanet na Amazon, Microsoft ko Google, nan ne wurinsa. Haɗarin shi ne a cibiyar da ke yi wa wani banki ko kamfanin inshora na Faransa aiki daga nesa, ana iya ba ka yanki ɗaya ƙarami ka shekara kana maimaita shi, ba ka taɓa ganin mai aikin ba, ba ka san me aka yanke da abin da ka fitar ba. Kamar yaron tela ne da ya shekara uku a shago mafi suna a gari yana sa maɓalli, bai taɓa riƙe almakashi ya yanka yadi ba.

Duk da bambancinsu, abu ɗaya ya haɗa su: awannin ma'aikaci suke sayarwa. Kowane ƙarshen mako za ka cika takardar lokaci, kowace awa da lambar aikin da za a caje ta a kai, kuma ana bibiyar kaso nawa na lokacinka aka sayar. Ribar gidan tana fitowa ne daga yawan ƙanana masu araha da ke aiki ƙarƙashin manya ƴan kaɗan masu tsada. Daga nan ake gane dalilin dogayen awanni, da dalilin da ya sa awar da manaja zai zauna ya duba lissafinka layi-layi take da wuyar samu, tunda ba wanda za a caja kuɗinta. Manajan da ke ba da wannan awa duk da haka, shi ne dukiyar da ake nema, kuma ana samunsa ko a rasa shi a kowane ɗaya daga cikin gidajen nan. Haka kuma a yi lissafin rayuwa da gaskiya. A ƴan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a tsakiyar watannin odit. Suna, ɗaurin aure da gaisuwar rasuwa ba abubuwa ba ne da mutumin Yamai ko Tawa ke tsallakewa ba tare da an ji ba, kuma ƙannenmu mata masu aure ko masu goyo sun fi kowa jin nauyin fita aiki na makonni. Ya halatta a tambayi wannan a fili tun ranar ganawa.

Batun albashi kuwa, kasuwar garin da ofishin yake ita ke yanke shi. Muƙami ɗaya a Faris da Abijan sunansa ɗaya, kuɗinsa ba ɗaya ba, ko da yake yuro ɗaya a tsaye yake a kan sefa 655.957. Gwajin da ya dace shi ne da masu neman irin wannan ƙwarewa a kusa: bankuna, kamfanonin waya, babban bankin BCEAO, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, cibiyar AGRHYMET da ke nan Yamai, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS. A haɗa da kuɗin haya a Abijan ko Kasablanka, inshorar lafiya, rajista a asusun fansho, wanda zai biya kuɗin jarrabawar ƙwarewa, da tsawon sitaj, wato zaman koyon aiki, kafin a ba da takardar aiki ta gaske. Sitaj ɗin da ake ta sabuntawa ba ranar ƙarewa, ko da a gida mai suna ne, cin gumin yaro ne.

Sai kuma tambayar wanda ke sayen aikin alƙaluma a Nijar, domin wanda ya tafi koyo yawanci yana da burin dawowa. Shekaru da dama babban mai saye shi ne ayyukan masu ba da tallafi: binciken asusun ayyuka, bibiya da auna sakamako, tattara bayanai a ƙauyuka da manhajar KoboToolbox. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da yawansu sun dakatar da kuɗi, rufe hukumar tallafi ta Amurka, USAID, a 2025 kuma ya ƙara rage wannan kasuwa a Afirka baki ɗaya. Waɗanda ke zaune a kan tulin bayanai yanzu su ne bankuna, kamfanonin waya irin Airtel, Moov Africa da Zamani, masu aika kuɗi irin NITA, Amana da Al Izza, da hukumar haraji tun da ta kawo rasit mai tabbaci na na'ura. Bukatarsu gano zamba ce, auna haɗarin bashi, sanin wanda zai bar layi, daidaita lissafin wakilai. Wanda ya yi odit na banki ko ya gina rumbun bayanai ya fi kusa da wannan bukata. Kada kuma a raina matsakaitan gidaje kamar Forvis Mazars, mai asali a Faransa, ko Dalberg da ke da ofis a Dakar kuma ya fi karkata ga ayyukan raya ƙasa, ko ƙananan kabine na gida inda mutum ɗaya ke tsara tambayoyi, ya horar da masu tattara bayanai, ya wanke, ya rubuta rahoto. A can almakashin yana hannunka tun watan farko, sai dai sau da yawa babu wanda zai duba ya ce maka ka karkace.

Akwai abin da ke damuna fiye da albashi. Babban suna ba ya wanke mutum daga matsin lamba ya sa alƙaluma su faɗi abin da mai biya ke so. A 2021 McKinsey ya amince ya biya jihohin Amurka dala miliyan 573 saboda shawarar da ya bayar wajen haɓaka sayar da magungunan kashe zafi masu sa jaraba. A Afirka ta Kudu sunayen McKinsey, Bain da KPMG duk sun fito a badaƙalar wawure hukumomin gwamnati ta zamanin Jacob Zuma, har baitulmalin ƙasar ya haramta wa Bain kwangilar gwamnati a 2022. A 2024 Sin ta ci tarar PwC tare da dakatar da shi wata shida a kan asusun kamfanin gine-gine na Evergrande. A irin waɗannan ayyuka akwai ƙananan ma'aikata da suka haɗa jadawalin, kuma matashi ya kamata ya san tun kafin ya shiga inda zai ce a'a. Bayanan da zai riƙe ma na mutane ne, asusun ɗan kasuwar Katako, kiran wayar wata uwa a Abalak, kuma Nijar tana da doka da hukumar HAPDP da ke kare su. Kwafe fayil ɗin mai aiki a kai gida, ko zuba shi cikin wata manhajar intanet don a samu sauƙi, laifi ne ko da kowa a ofis yana yi.

Wannan ya kawo mu ga ƙirƙirarriyar basira, wadda gidajen nan duk suka zuba mata kuɗi. Accenture kaɗai ya sanar da dala biliyan 3 a 2023. Aikin da ta fi saurin cinyewa shi ne na sabon shiga: taƙaita takardu, rubuta lambobin kwamfuta masu sauƙi, tsara shafukan gabatarwa. Amma a 2025 Deloitte na Ostireliya ya mayar wa gwamnatin ƙasar wani ɓangare na kuɗin wani rahoto bayan an gano madogarai na ƙarya da na'ura ta ƙirƙiro a ciki. Mutumin da zai ci gaba da daraja shi ne wanda ke iya duba abin da na'ura ta fitar ya gane ba daidai ba ne, kuma wannan idon daga taɓa ɗanyen bayanai yake samuwa.

Saboda haka in ƙanina ko ƙanwata ta zo da takardun ɗauka biyu a hannu, ba zan fara da tambayar wane gida ba. Zan tambayi wane sashe, wane ofis, wa zai zama manaja. Zan ce ta tambaye su ayyuka uku na ƙarshe da ƙungiyar ta yi, da wace manhaja aka yi su, mutum nawa ne a ofishin aikinsu alƙaluma ne zalla, kuma wa ke duba lambobin kwamfutar da ƙarami ya rubuta. Ofishin da ke da masanin alƙaluma ɗaya tak, kuma kai ne shi, ba wurin koyo ba ne komai girman allonsa. Mai son zama akanta ko mai kula da haɗarin banki ya nufi odit a manya huɗu ko Forvis Mazars. Mai son gini ya nufi Accenture, Capgemini ko sashen fasaha na Deloitte, ya nace a sa shi inda ake ganin aikin daga farko zuwa ƙarshe. Mai Ingilishi da ƙarfin tsayawa gaban manya ya gwada McKinsey ko BCG ta Legas ko Kasablanka. Kafin sa hannu kuma, a nemo a LinkedIn mutum biyu ko uku da suka bar wannan ofishin cikin shekaru biyun da suka wuce, a ga inda suke aiki yanzu, a kira ɗaya a gaishe shi da ladabi, a tambaye shi abin da yake yi da hannunsa a shekararsa ta farko a can.